Huzzah! Sowar Matuƙan Jirgi da Ta Farfaɗo a Bakin Wawan Sarki

Da ana ba kalma guda lambar yabo saboda rawar da ta taka a fim, da ni kam na gama yanke hukunci tuntuni: a miƙa wa "Huzzah" kofin, kowa ya kama gabansa. Tsohuwar sowa ce ta Turawan Ingila, irin ihun da jama'a ke ɗauka baki ɗaya in an ci yaƙi, ko babban mutum ya iso, ko an ɗaga kofi don girmama wani. Masu ita sun daɗe da jingine ta. In ka ji Bature ya faɗe ta a yau, to ko dai zolaya yake yi, ko kuwa ya ci ado da kayan mutanen da a wani wasan tarihi. Ana nan sai ga shiri mai dogon zango, The Great, ya tsinto ta daga inda aka yasar, ya kakkaɓe mata ƙura, ya danƙa ta ga wani sarki mai guntun hankali. Jama'a, abin ba a cewa komai! Ban taɓa ganin shirin da ya ɗora kayansa duka a kan kalma ɗaya, ita kuwa ta ɗauka cak ba tare da nishi ba, sai wannan.

Shirin da mutanensa

Tony McNamara, marubuci ɗan Ostireliya, shi ne mai shirin, ya kuma faɗaɗa shi ne daga wani wasan daɓe nasa da aka nuna a Sidni a 2008. Yana cikin waɗanda suka rubuta fim ɗin The Favourite na 2018, don haka wanda ya ga wancan ya san irin kaifin harshen da zai tarar. Hulu ta fara haska The Great ranar 15 ga Mayu, 2020, daidai lokacin da korona ta kulle duniya a ɗaki. Zango na biyu ya fito a Nuwamba 2021, na uku a Mayu 2023, kowanne kashi 10.

Labarin Catherine ne, sarauniyar Rasha, tun tana ɗanyar amarya. A tarihi, Bajamusa ce mai suna Sophie, an haife ta a Stettin a 1729, aka kai ta Rasha a 1744, aka ɗaura mata aure da Peter a 1745. Mijin ya hau mulki a farkon 1762, wata shida kacal ya yi ta kifar da shi, ya mutu bayan 'yan kwanaki, ita kuma ta riƙe ƙasar shekara 34 har zuwa 1796. Shirin bai ɓoye wa kowa cewa zai yi wasa da wannan tarihi ba. Tun a allon farko ya wanke kansa, ya rubuta cewa labarin jefi-jefi ne yake gaskiya. Ya mai da Peter ɗan Peter Mai Girma alhali jikansa ne. Elizabeth, wadda a zahiri ita ce ke kan karaga tsawon shekara 20 kafin Peter, ya mai da ita wata gwaggo mai hira da malam-buɗe-littafi a fada. Ni ban damu ba ko kaɗan. Wanda ya faɗa maka tun a ƙofa cewa tatsuniya zai yi, ba ka ce masa maƙaryaci.

Elle Fanning ce Catherine, Nicholas Hoult ne Peter, su biyun kuma an sa su takarar lambar Emmy a 2022. Ga Phoebe Fox a matsayin Marial, 'yar masu sarauta da aka mayar baiwa, bakinta kamar reza. Ga Douglas Hodge a matsayin Janar Velementov, ga Adam Godley a matsayin babban limamin coci mai fuska biyu, ga Belinda Bromilow a matsayin gwaggon nan. Sutura kuwa sai wanda ya gani, har Emmy ta ciyo. An ɗauki wasu wurare a tsofaffin gidajen sarautar Ingila irin su Hatfield da Belvoir, da kuma fadar Caserta ta Italiya. Komai ya ji, komai ya zauna.

Yadda Hoult ke juya ta

Ga yadda abin yake. Dogon teburi ya cika da fadawa, kyandirori na ci, barasa na zagayawa. Peter ya miƙe, ya faɗi wata maganar banza da shi kaɗai yake ganin hikima ce, ya ɗaga tambulan ya ce "Huzzah!" Ɗakin gaba ɗaya ya amsa. A kurɓe, a yi jifa da tambulan, ka ji tartsatsin gilashi ta ko'ina. Kafin ƙarar ta lafa ya riga ya manta abin da ake wa murnar.

Da farko dariya kawai za ka yi. Sai a hankali ka lura kalmar ba fuska ɗaya gare ta ba. Akwai wadda Hoult ke fitarwa da dukan ƙirjinsa in an kawo masa abinci mai daɗi, don wannan sarki cikinsa ne ubangidansa. Akwai gajeriya, busasshiya, wadda ma'anarta ita ce na gama magana, a tashi. Akwai wadda yake furtawa yana zare ido yana duba wa ya makara wajen amsawa. Akwai kuma ta sanyin jiki, in ya tuna uwarsa, wadda ya ajiye busasshiyar gawarta cikin akwatin gilashi a fada. Gaɓa biyu ce tal, amma mutumin nan ya fitar da halin sarki sukutum daga cikinta. Na sara masa.

Wurin da ya fi tsaya min shi ne wata liyafa a farkon zango na ɗaya. Ana yaƙi da Suwidin, sai aka kawo kayan zaƙi bayan abinci, tare da kawunan sojojin Suwidin a kan faranti. Sarki na ta nishaɗi, har ya ba da umarnin a ƙwaƙule musu idanu. Catherine, wadda ta zo Rasha da kai cike da littattafan masanan Faransa, wadda kuma ta riga ta ga an banka wa makarantar da ta nema wuta saboda an ji 'yan mata za a koyar, tana zaune dole ta yi murmushi. Kalli fuskar Fanning a nan: baki na yaƙe, ido na kuka, hannu na aikata abin da zuciya ta ƙi. Fadawa kuwa 'yan amshin Shata ne kawai. Dole ce, a ce da mijin iya baba.

Wannan ne ya sa na shiga bin sawun kalmar, abin da na tarar kuma ya ninka min son shirin.

Daga igiyar jirgi

Shaida mafi tsufa da manyan ƙamusoshin Turanci ke kawowa ta 1573 ce, a rubuce-rubucen Gabriel Harvey, wani malami na Kambirij. Shakespeare yana ɗan shekara 9 a lokacin. A da "huzza" ake rubuta ta, babu harafin ƙarshen nan. Marubutan ƙarni na 17 da na 18 kuma sun sha ambaton ta a matsayin ihun ma'aikatan jirgin ruwa.

John Evelyn, mai shahararren kundin tarihin rayuwarsa, ya ba da misali mai kyau. A Yulin 1665, ana tsaka da yaƙi tsakanin Ingila da Holan, ya ziyarci wani katafaren jirgin yaƙi mai suna Prince, mai ɗauke da mutum 700. Ya rubuta cewa da suka matso, mutanen jirgin sun yi musu wannan sowa har sau uku. Abin sha'awa, da ya rubuta kalmar sai ya bi ta da bayanin cewa ihu ne, alamar a lokacin ba kowane mutumin tudu ne ya saba da ita ba. Ka ƙiyasta maƙogwaro 700 a kan ruwa, sau uku a jere. Lissafin ukun nan ma ka ga tun can yake.

To su matuƙan daga ina suka samo ta? Inda masana suka fi karkata shi ne kiran jan igiya. Jirgin wancan zamani ba shi da inji. Manyan ƙyallayen da iska ke turawa, da ƙaton ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, duk da ƙarfin damtse ake ɗaga su. Mutum talatin a kan igiya ɗaya, in kowa ya ja lokacin da ya ga dama, an yi aikin banza. Sai ɗaya ya ba da murya, saura su amsa, a fizga tare. Duk wanda ya taɓa ganin ƙarti na tura motar da ta kafe a taɓo da damina ya san wannan dabara. Wani littafin Sukotlan na wajen 1550, The Complaynt of Scotland, ya adana jerin irin waɗannan kiraye-kiraye na matuƙa, a cikinsu akwai "heisau", ga kuma 'yar'uwarta "hissa", dukansu dangin kalmar Turanci ta ɗaga kaya sama. A Jamusanci ma akwai "hussa", ihun mafarauta in suna kora.

Wato tun asali kalmar ba ta mutum ɗaya ba ce. Ba ta cika sai da amshi. Muryar mutanen da suka dafa abu ɗaya ce, kowa na jin nauyin a kafaɗarsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga kiran aiki ta zama kiran murnar gama aiki, daga nan ta zama gaisuwar girma ga kyaftin da baƙonsa.

Daga teku zuwa fagen fama

Da ta sauka tudu sai sojoji suka karɓe. A ƙarni na 18 sojojin Ingila masu jajayen riguna an san su da yin ta sau uku kafin su ruga da wuƙaƙen bakin bindiga. Rabi ƙarfafa kai ne, rabi tsorata abokin gaba.

Amurkawan da suka yi wa Ingila tawaye ma ba su bar mata kalmar ba. Ranar 8 ga Yuli, 1776, da John Nixon ya karanta takardar shelar 'yancin kai a bainar jama'a a Filadelfiya, taron da ita ya amsa, sau uku. Amma labarin da ya fi burge ni na Valley Forge ne. Rundunar George Washington ta yi hunturu a can cikin yunwa da cuta, mutum kusan 2,000 suka mutu. Sai labari ya zo cewa Faransa ta ƙulla ƙawance da su. Washington ya fitar da umarni a rubuce kan bikin da za a yi ranar 6 ga Mayu, 1778: a harba igwa 13, sojoji su saki bindigogi bi da bi daga wannan gefe zuwa wancan, sannan in an ba da alama rundunar duka ta yi "huzza" ga Sarkin Faransa. A sake zagaye na biyu don ƙasashen Turai masu ƙauna, na uku don jihohin Amurka. Dubi ikon Allah: mutanen da ke yaƙi don su rabu da sarki, suna yi wa wani sarkin fatan tsawon rai, da sowar matuƙan abokin gabarsu!

A nan ma da umarni aka yi ihun, kamar a fadar Peter. Bambancin shi ne waɗannan sun ja igiya ɗaya da shugabansu duk tsawon hunturun, kuma abin murnar nasu ne su duka.

'Ya'ya da jikoki

Akwai wani ɗan sirri da masu shirin ba su bi ba, ban kuma riƙe su da shi ba. Mutanen ƙarni na 18 da yawa "huzze" suke cewa, da wasalin ƙarshe irin na "fure". Shaidar tana cikin waƙoƙinsu. Alexander Pope, a waƙarsa An Essay on Man ta shekarun 1730, ya haɗa jam'in kalmar a amsa-amo da wata kalma mai ƙarewa da sautin "ez". Da "huzza" yake furtawa, da ƙafiyar ta karye, Pope kuwa ba ya wasa da ƙafiya.

Wannan ya haska dangantakarta da na bayanta. "Hurrah" ta bayyana a Turanci a ƙarshen ƙarni na 17, tana da 'yan'uwa a Jamusanci da harsunan arewacin Turai, ta kuma yi ƙarfi sosai a ƙarni na 19 har ta ture tsohuwar gefe. Kamar yadda "huzza" ke da "huzze", haka "hurrah" ke da "hooray", wadda ita ce ta bakin talaka. Shi kuwa "hip" ɗin nan na "hip hip hooray" kiran jan hankali ne da ƙamusoshin ƙarni na 18 suka sani, irin na kai, saurara. A farkon ƙarni na 19 aka fara jera shi gaban sowar don kowa ya ja numfashi a fita tare, zuwa 1813 kuma an riga an ga cikakkiyar jimlar a rubuce. Ka ga tsarin jan igiya bai mutu ba: mai kira, sannan masu amshi.

Akwai labaran da ake yaɗawa masu daɗin ji. Wasu na cewa daga sunan mahayan Hangare da ake kira husar kalmar ta fito, abin da bai wuce kamannin sauti ba. Wasu na cewa "hip" haruffan farko ne na wata jimlar Latin kan faɗuwar Ƙudus, suna haɗa shi da ihun "hep hep" na tarzomar ƙin Yahudawa da ta tashi a Wurzburg ta Jamus a 1819. Tarzomar ta faru, ihun ma an yi shi. Sai dai sowar Ingila ta riga ta shiga takarda shekaru kafin nan.

Jikar tana nan da ranta. Ranar 6 ga Mayu, 2023, bayan naɗin Sarki Charles, sojoji wajen 4,000 sun tsaya a lambun fadar Buckingham, suka cire huluna, suka yi masa ita sau uku. Mu ma mulkin mallaka ya bar mana ita. A faretin sojoji da na 'yan sanda a Nijeriya ana cire hula a yi wa babban baƙo, yara kuma na yi a makaranta da wajen bikin zagayowar haihuwa, sai dai mu "hip" uku muke jerawa inda Turawan ke yin biyu. Yaron da ke ɗaga murya a filin makaranta a Zariya bai san yana amsa kiran wani matuƙi na ƙarni na 16 ba.

Abin da McNamara ya gano

Rashawa na da tasu sowar, "ura", wadda har yau sojojinsu ke ja sau uku a Dandalin Ja na Mosko kowace 9 ga Mayu. Da McNamara tarihi yake bi, da ita zai sa. Ya ƙi, ya ɗauko ta Ingila wadda ta tsufa har ta zama abin dariya, kuma wallahi ya yi daidai. Kunnen mai kallo na jin ta a matsayin tsohon abu, sai ya yarda yana ƙarni na 18. Yana kuma jin ta a matsayin wasa, sai ya saki jiki. A daidai nan marubucin ke soka masa wuƙa.

Domin abin da Peter ke yi shi ne satar muryar jama'a. Kalmar da aka haifa don masu aiki tare, shi ya mai da ita ma'aunin biyayya. Ba ya ɗaga komai da kowa, ba ya jin nauyin kowa, amshin kawai yake so. Yana kuma da yaƙinin cewa ƙaunarsa ake yi, tunda kullum in ya kira ana amsawa. Wannan makanta ita ce abin dariyar, ita ce kuma abin tausayin. A zango na biyu, da yunwa da ƙamshin gasasshen nama suka sa ya miƙa wuya, aka tsare shi a ɗakunansa, sai ka ga mutum na furta kalmar babu rundunar masu amsawa. Hoult ya sa na tausaya wa azzalumin da na tsana, ban san lokacin da hakan ta faru ba.

Ita kuma Catherine sannu a hankali take koyon kalmar. Da farko a bakinta baƙuwa ce. Daga baya ta zama abin da take faɗi ƙasa-ƙasa in dabara ta yi, ita da 'yan tsirarun da suka haɗa kai don juyin mulki. A wajensu kalmar ta koma gidanta na asali, don kowannensu ya san in igiyar ta tsinke kansa ne zai tafi. Sai shirin ya ƙi yi mata sassauci: ita ma ta fara gane cewa fada na iya amsa maka da ƙarfi alhali ta ciki na ciki. Kashin da ta yi wa kanta lambar rigakafin agana a gaban fadawa ya nuna haka sarai. Wannan kam yana da tushe, don Catherine ta gaskiya ta sa likitan Ingila Thomas Dimsdale ya yi mata a 1768, ta kuma ba shi sarauta da fam 10,000. A shirin, ta yi abin jarumta tana jiran zukata su biyo ta, sai ta tarar tafi daban, yarda daban.

Zango na uku ya fi duhu, ya kuma fi zurfi. Ba zan ɓata wa kowa ba, illa in ce akwai wani kashi a kan ƙanƙara da ya bar ni zaune shiru bayan an gama rubutun ƙarshe. Hoult ya kuma fito a matsayin Pugachev mai kama da sarki, wanda a tarihi ma ya ta da tawaye daga 1773 yana iƙirarin shi ne Peter. Jarumi ɗaya, mutum biyu, ko tafiyarsu ba iri ɗaya ba.

Gaskiya ɗaya dole in faɗa: shirin nan ba na zaman falo da iyali ba ne. Akwai ashar, akwai shaye-shaye, akwai batsa a fili, akwai jini. Wanda ya san zuciyarsa ba ta ɗaukar irin wannan, ya tsaya a tarihin kalmar, ya ci riba. Baligin da zai iya tsallake abin tsallakewa kuwa zai sami rubutu mai kaifi, wasa na ƙwararru, da darasi kan mulki da fadanci wanda littattafai masu kauri suka kasa bayarwa. An tsayar da shirin a Agusta 2023, kashi 30 ke nan, ni kuwa ko 60 aka yi ba zan ƙoshi ba.

A kalle shi da muryoyinsa na asali, domin rabin daɗin yana cikin yadda Hoult ke murɗa gaɓa biyun nan. In kuma kalmar ta kama bakinka, don sai ta kama, ka yi ta kai da abokanka son ranku. Tambulan ɗin uwargida dai a bar su lafiya. Peter na da bayi masu share masa gilashi, kai kuwa da tsintsiya za a haɗa ka.